Ba mu da teku, amma muna da Bakolori: abin da mai shirin kiwon kifi ya kamata ya je ya gani



Kwanan baya wani ƙanena da muke unguwa ɗaya a Janbako ya same ni da wata magana. Ya tara ɗan kuɗi, yana so ya fara kiwon tarwaɗa, amma ya ce kafin ya sayi ko kifi ɗaya sai ya je bakin teku ya ga yadda ake harkar da idonsa. Garin da ya ƙwallafa rai a kai shi ne Epe, can jihar Legas, don ya ga bidiyon kasuwar kifinsu a waya. Tambayarsa: "Yaya, in na je me zan duba?"

Epe wuri ne da ya cancanci a gani, ban musa masa ba. Gari ne a bakin tafkin da ke haɗe da teku, kasuwar kifinsu ta Oluwo ta yi suna, mata ne suka riƙe cinikin, kuma kifi da ransa ake sayarwa. Ba nisa daga nan akwai Eriwe a Ijebu-Ode, inda masu kiwon kifi suka taru wuri ɗaya da tafkunansu jere. Amma na ce masa ya yi lissafin kuɗin mota zuwa da dawowa, da masauki, da abinci, ya ga buhu nawa na abincin kifi ke nan. Sannan wanda zai sayi kifinka ba a Epe yake ba. Yana nan Mafara, yana Bakura, yana Maradun, in ka yi nisa Gusau ko Sakkwato. Kuma ruwan da ya koya wa mutanen nan cin kifi, ya sa musu farashi a kai, shi ne Bakolori.

Ni kaina sai da na sha wuya na gane haka. Da na gama karatu na dawo gida da takardar digiri da ƙarfin gwiwa, na kafa tankin tamfol a bayan gida, na zuba 'ya'yan tarwaɗa, na ciyar da su har wata shida don littafi ya ce a kai su kilo ɗaya. Suka yi kyau wallahi. Ranar sayarwa dillalin da na kira ya leƙa tankin, ya ce sun yi masa girma. Masu banda ƙanana suke so, masu suya a bakin titi kuma kifin da za su yanka su sayar gunduwa-gunduwa a kuɗin da talaka zai iya. Na sayar a yadda ya taya, don kowace rana da suka ƙara a ruwa abinci suke ci. Da na yi safiya ɗaya a bakin dam kafin in fara, da ban yi wannan asarar ba. Abin haushin, dam ɗin yana nan tun kafin a haife ni.

Kafin komai, maganar hanya. Duk wanda ke wannan yanki ya san halin da ake ciki, ba sai na yi dogon bayani ba. Hanyar da aka bi lafiya jiya ba lalle a bi ta yau ba. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka tafi ba ɗan gari a tare da kai, kuma ka yi tambaya da safiyar ranar, ba daren jiya ba. Direbobin tasha da 'yan acaɓa sun fi kowa sanin labari. In sun ce yau a haƙura, to a haƙura. Akwai ma wata matsala: kifi da sassafe yake fitowa, hanya kuwa da sassafe ba a son ta. Mafita ita ce ka kwana wajen wani naka kusa da ruwan, in kana da shi kuma ya tabbatar maka garin lafiya. In ba ka da shi, ka bar rana ta ɗaga, ka yarda za ka rasa jiragen farko. La'asar ta same ka kana kan hanyar komawa. In bakin dam bai yiwu ba gaba ɗaya, rabin abin da zan faɗa a ƙasa za ka same shi a bakin kanal da kasuwar Mafara.

Shi dam ɗin, a kan gulbin Sakkwato aka gina shi, gulbin da ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya zo mana nan, ya wuce ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, daga can ya gangara ta Argungu har ya faɗa Neja. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka gama a 1978, ruwa ya cika a 1981. Tsawon bangon ya kai kilomita biyar da rabi, mafi yawansa ƙasa ce aka daddanne, sai tsakiya da aka yi da kankare inda ƙofofin ruwa suke. In ya cika yana ɗaukar kubik mita miliyan 450, ya shimfiɗu a kan hekta 8,000, ya miƙa baya har kilomita 19. Don ka gane girman abin, tankin tamfol mai cin lita 10,000 kubik mita goma ne kacal. Wato irinsa miliyan 45. Wanda bai taɓa ganin teku ba, in ya tsaya ya kalli ruwan nan da iska tana kaɗa shi, ya rage zafi.

Wuri ne na gwamnati, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, don haka kada ka fito da waya ka hau ɗaukar hoton ƙofofi ba ka gaida masu gadi ka nemi izini ba. A irin wannan lokaci baƙo mai ɗaukar hoto abin tuhuma ne. Da ka samu izini, abin da nake so ka duba shi ne alamar da ruwa ya bari a jikin bango da duwatsu. Za ka ga inda ya kai da kaka da inda ya sauka da bazara. Wannan tazarar ita ce kalandar kifin yankinmu. In ruwa ya cika ya bazu cikin ciyayi, kifi ya samu wurin ɓuya, kamu yana wuya. In ya ja baya kifi ya taru wuri ɗaya, kamu ya yi yawa, farashi ya sauka. Mai kiwo da ya fitar da kifinsa daidai lokacin da na gulbi ya cika kasuwa, ya shiga kokawa da wanda bai sayi abincin kifi ko mudu ɗaya ba.

Akwai abin da bai kamata ka tsaya a wurin nan ba ka san shi ba. Ƙarƙashin ruwan da kake kallo gonakin mutane ne da kufan garuruwa. Dubban mutane aka tasa, har Maradun sai da aka sake mata mazauni. Manoma suka yi ta kukan diyya da gonakin da aka karɓa, suka tare hanyoyin aikin, kuma cikin Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnatin lokacin ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Mu da ba a haife mu ba a bakin kakanni muka ji. In ka zauna da dattijo a Birnin Tudu ko ƙauyukan kewaye ya fara wannan labari, ka ajiye tambayoyinka na kifi ka saurara. Masuntan da ke ƙasan dam ma sun ji jiki. Wani Baturen Ingila mai bincike, William Adams, ya bi fadamar a farkon shekarun 1980, ya rubuta yadda ambaliyar da ke cika tafkuna kowace shekara ta ragu, kamun kifi ya ja baya, masu shinkafa da yawa suka koma gero da dawa. Wannan giɓin na cikin dalilan da suka sa kifin kiwo yake da kasuwa a nan yau.

To, sai inda jirage ke tsayawa. Nan ne makarantar. Ka fara da gaida Sarkin Ruwa ko babban da ka tarar, ka faɗi ko kai ɗan wane gari ne da abin da ya kawo ka. Kada ka zo da yaren jami'a. Ranar da na fara zuwa na ce wa wani dattijo, "Baba, na zo koyo ne," ya yi dariya ya matsa mini a kan tabarma, na yi awa biyu ban ji an gaji da ni ba.

Ka tsaya ka ga abin da ke fitowa daga cikin jirgi. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ita za ka fi gani. Ga tarwaɗa, ga kurungu mai ƙaya, ga kawara, wani lokaci ragon ruwa. Ka lura da wanda ake rububi da wanda ake bari sai ƙarshe. Ka lura da girman da ya fi saurin tafiya, wannan shi ne abin da ni ban yi ba. Ka ga yadda ake ciniki: kashi-kashi ne, ko kwando, ko daro? Kai da kilo kake lissafin abincin da ka ciyar, su kuwa da ido suke saye, to dole ka iya mayar da daro zuwa kilo a kanka, in ba haka ba za a yi maka wayo kana murmushi. In kana da ƙaramin sikelin rataye ka tafi da shi, ka sayi kashi ɗaya da kuɗinka, ka koma gefe ka auna. Kada ka auna kifin mutum a gabansa kafin ka biya, rashin ladabi ne.

Sai ka duba su wa ke saye. Akwai mai suya, akwai mai banda, akwai mai kai wa gari a babur, akwai matar da ta aiko yaro. Waɗannan su ne kwastomominka na gobe. Ka tambaye su wane wata ne kifi ke yi musu wuya, kuma in ya yi wuya ina suke samowa. Ka tambaye su ko suna karɓar na kiwo. Wasu za su ce maka na kiwo ya cika kitse, ba ya jure wuta, ba ya daɗi kamar na gulbi. Kada ka yi musu. Akwai gaskiya a ciki, musamman kifin da aka ɗura wa kayan cikin kaji, ko wanda aka fitar daga ruwa mai wari. Maganinsa a wajenka yake: ka daina ciyarwa kwana ɗaya kafin kamu, ka canza musu ruwa mai tsabta.

Kayan aikin ma abin kallo ne: birgi da ake jefawa, kalli da ake shimfiɗawa a kwana, mamari mai ƙugiyoyi jere, gura da ake nutsarwa da ɗan abinci a ciki. Abin da ba na jin daɗin gani shi ne raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, tana kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana sa guba da abin fashewa a ruwa, amma gidan sauro ma a hankali yake cinye gulbi. Kuma a nan za a yi maka tayin da zai ja hankalinka: 'ya'yan tarwaɗa na gulbi a araha, ka kai tankinka. Kada ka saya. Ba ka san shekarunsu ba, wani ƙaramin da kake gani tsoho ne da ya tsumbure. Girmansu ba ɗaya ba, kuma tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, manyan za su rage maka ƙananan kana barci. Ga cuta da ƙwari da za su shigo da su. Ka nemi iri a wajen mai ƙyanƙyasa da za ka iya komawa ka same shi in an samu matsala.

Bi hayaƙi ka je wajen masu banda. A ganina duk wanda ke kiwon kifi a Zamfara bai iya banda ba, rabin sana'ar ya koya. Wutar lantarki ba tabbas, firji ba tabbas, hanya ba tabbas. Ɗanyen kifi awoyi kaɗan gare shi a zafinmu, banda mai kyau kuwa tana makonni, ka kai ta inda kake so ranar da hanya ta yi kyau. Ka ga yadda suke naɗe tarwaɗa su soke wutsiya a baki, irin itacen da suke sawa, yadda suke fara da wuta sannan su koma hayaƙi, sau nawa suke juyawa. Ka riƙe lissafin nan: kilo uku zuwa huɗu na ɗanye ne ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Duk farashin banda da bai rufe wannan da kuɗin itace ba, asara ce da ƙamshi. In ka ga ana yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa, wannan kada ka koya. Mutane ne za su ci.

Shiga jirgi kuwa, in ka samu matuƙi babba, ruwa a kwance, jirgin ba a cika shi ba, ka shiga ka ɗan zaga kusa da gaɓa, akwai daɗi. In akwai rigar ruwa ka sa, kada ka ji kunya. In iska ta taso ko hadari ya haɗu, ka zauna a tudu. Wanka dai ban ba ka shawara ba, ko a dam ko a kanal. Ruwan da ke kwance da ciyayi gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ne, kuma duk wanda ya tashi a yankin nan ya san yaron da ya yi fitsarin jini. In ka fara kiwo a tafkin ƙasa ka sayi takalmin roba mai tsawo tun ranar farko.

Daga nan ka gangaro ka bi kanal. An tsara aikin ne ya shayar da hekta 23,000, kashi mafi girma da na'urorin yayyafi, sauran da ruwa mai gangarowa da kansa. Na'urorin yayyafin sun daɗe da mutuwa, ɓangaren kanal ne ya rayu, shi ne kuma aka yi wa gyara ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Duk saurayin da ya ga ruwan nan yana gudu tsakanin gonakin shinkafa, abu ɗaya ke zuwa masa: in haƙa tafki a nan, ruwa kyauta. A yi hankali. Na farko ba kyauta ba ne, akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ofishin aikin a Talata Mafara, da su za ka fara magana. Na biyu, don shinkafa ake sakin ruwan ba don kifinka ba, ranar da aka rufe don gyara ko don an yi girbi, me za ka yi? Na uku shi ne wanda ya fi kashe kifi: ruwan da ya fito daga gona ya kwaso maganin ciyawa da na ƙwari. Wanda ya ɗebi ruwa daga magudanar da ke fitar da ruwan gona, feshi ɗaya na maƙwabci ya isa ya tashi da safe ya tarar da kifi sun juya ciki sama. In za ka yi, daga kanal mai kawo ruwa za ka ɗauka, ka sa raga a bakin bututu don ƙananan kifin gulbi, ka kuma tanadi rijiya ko bohol na ko-ta-kwana.

Tun da kana wurin, gwada ƙasar. Ka ɗebi jiƙaƙƙiya ka murza ta a tafin hannu kamar igiya. In ta miƙe ta lanƙwasu ba ta karye ba, akwai laka, za ta riƙe ruwa. In ta wargaje, yashi ne, sai dai tamfol ko kankare. Ka sa hannu a ruwan ma ka ji. Tarwaɗa ta fi son zafin digiri 26 zuwa 30. Da hunturu, Disamba da Janairu, ruwa kan yi sanyin da za ta rage cin abinci, ƙananan kuma su yi ta mutuwa. Mai fara kiwo kada ya fara a wannan lokaci.

Masu kaji, ban manta da ku ba. Inda ake shinkafa akwai injin casa, inda akwai injin casa akwai ɓuntu da dusa. Ɓuntu busasshe shimfiɗa ce mai kyau a ɗakin kaji. Dusar shinkafa kuma tana shiga abinci, amma ka murza ta a hannu kafin ka saya, don ƙananan injuna suna haɗa ta da ɓuntu, kaza ta cika ciki ba ta samu komai ba. Ga ta da saurin yin wari in ta daɗe, saboda man da ke cikinta. Sai gargaɗi ɗaya: bakin ruwa matattarar tsuntsaye ce, balbela da agwagin daji da baƙin da ke zuwa da hunturu daga nesa, kuma tsuntsayen ruwa na cikin masu yawo da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Takalmin da ka taka bakin dam da kasuwa da shi, kada ya shiga ɗakin kajinka. Ka yi wanka ka canza kaya tukuna.

In za ka iya, ka daidaita tafiyar ta faɗo ranar Talata, ka ƙare a kasuwar Mafara. Ka je layin masu kifi ka ga kifin da ka gani da safe nawa ya koma, ka ga banda daga ina take zuwa, ka kuma ga kifin kwali na ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje, don shi ma abokin takararka ne, kuma shi ne na teku da ƙanena yake son gani. Ka zaga wajen masu masara da waken soya ka ji farashi. Sannan ka zauna ka ci soyayyar karfasa da yaji, ka sha fura, ka huta. Mai sauran lokaci ya leƙa Bakura, akwai kwalejin aikin gona a can, malamai ba sa ƙin mai tambaya. Argungu kuma a ajiye ta sai shekarar da aka yi bikin kamun kifi, wanda aka faro tun 1934, wannan tafiya ce ta daban.

Ƙanen nawa dai mun yi da shi zai riƙe kuɗin Legas ɗin. Na ba shi littafi ƙarami da sikelina na rataye, na ce ya rubuto mini abu uku: girman da aka fi saye, watan da kifi ke wuya, da masu saye biyu da suka yarda ya kira su in kifinsa ya isa. Talatar da ta wuce ba mu je ba, direbobi sun ce a dakata. Muna jiran ta gaba, in Allah ya kai mu kuma hanya ta yi kyau.